Yatsan Baffa Gidado

Ranar Talata aka kawo kwalbar,
lamba ce a jikinta, babu suna.
Amma ni na san yatsan.
Shi ke leƙowa ta bakin silifas
shekara talatin a gefen tashar Bajoga,
inda Baffa ke facin taya.

Oga ya ce in bar wa Lamunde aikin.
Na ce a'a.
Na yanka shi siriri, ya fi ɓawon albasa,
na rina shi shuɗi da ja,
na kwantar a gilashi, na sunkuya.

Ga gari ƙarƙashin madubi.
Kowace ƙwayar halitta gida ce da dangarta,
cibiya a tsakiya kamar tsohuwa mai riƙon sirri,
murhu nan da can
masu jiran iska daga jini kafin su kama.
A bakin danga akwai 'yan kwasa,
dare da rana suna fitar da gishiri waje,
ba albashi, ba hutun Juma'a.

Nan gefen dama gidajen sun kumbura.
Na san labarin: jini ya yi jinkiri,
murhu ya yi sanyi, 'yan kwasa suka zauna,
gishiri ya shigo, ruwa ya bi sawunsa.
Waɗannan da an buɗe musu hanya da wuri
da sun saɓe, sun koma yadda suke.
Rauni ne, bai kai mutuwa ba.

Na matsa gilashin hagu.
Nan kam danga ta fashe.
Cibiya ta narke, sai fatalwar gida,
ga fararen dakarun jini sun cika wurin,
sun zo kashe gobara, sun tarar da toka.
Sukari ga shi har ya yi yawa,
hanyar ce ta tsuke.
Yunwa a tsakiyar kasuwa.

Akwai wata mutuwar da ba haka take ba.
Ƙwaya ta naɗe tabarmarta da kanta,
ta ƙulle kayanta ƙulli-ƙulli, ta miƙa wa maƙwabta,
ba wanda ya farka.
Da irinta aka raba wa Baffa yatsun nan
tun yana cikin Inna Dudu,
biyar cif.
Yau saura huɗu.

Shi ya fara koya mini wannan karatu, bai sani ba.
Yakan danna taya da babban yatsa, ya kasa kunne:
"Yelwa, in ta yi yawa ta fashe,
in ta yi kaɗan ta ci kanta.
Aikin duka tsakiya ne."
Haka jiki yake yini:
zafi ya hau, gumi ya sauko,
ruwa ya ja baya, ƙoda ta yi rowa,
ƙishi ya tashi mutum neman randa.
Kantar da ke tafinsa ma amsa ce,
fata ta ji guduma, ta ƙara bargo.

Da yamma na shiga ɗakin maza, gado na shida.
Ya ce, "Me kika gani?"
Na ce, "Bakin yankan da rai, Baffa.
Ƙananan jijiyoyi za su tsiro, ja kamar tsakin barkono,
sannan masu saƙa su zo su ja zare,
su rufe."
Ya ce, "Fata sabuwa?"
Na ce, "Tabo. Ba ya gumi, ba ya gashi."

Ya yi shiru yana kallon bandejin.
Can ya ce, "Faci ke nan.
Faci ba taya ba ne, amma yana kai mota Gombe."
Sai ya tambaya ko yaron shago ya rufe injin iska,
don yana da mantuwa.